Ka je ka kwana a unguwar kafin ka kwaso iyali

To, kun dai gani. Tun jiya ake ta yawo da hoton nan na iyalin da suka ƙaura wani gari ruwa ya mamaye gidan da suka kama haya, katifu a jingine da katanga, ruwa har gwiwa a falo, uwa riƙe da jaririya tana kallon kayan ɗakinta suna iyo. Kuma har yanzu akwai masu rubuta "ƙaddara ce" a ƙasa suna wucewa. Ruwan sama ƙaddara ne, ban musa ba. Amma biyan hayar shekara guda cur a garin da ba ka taɓa taka ƙafarka ba, don kawai dillali ya turo maka bidiyon minti biyu ta WhatsApp, wannan kai ka aikata shi da hannunka. Matar da yaran ina tausaya musu har cikin raina. Shi kuwa maigidan, sannu da ƙoƙari, ka tsimi kuɗin mota na zuwa da dawowa, ga shi yanzu za ka biya kuɗin ɗaukar kaya sau biyu.

Magana ɗaya zan yi, kuma zan yi ta maimaita ta har ku gaji: duk wanda zai ƙaura da ƙananan yara zuwa wani yanki, ya je ya kwana a unguwar tukuna. Ban ce ya je garin ba. Mutane da yawa suna zuwa garin, ranar Asabar da hantsi, aboki ya zaga da su a mota, a leƙa gida biyu, a ɗauki hoto, a juyo da yamma ana cewa "wallahi garin ya yi". Wannan yawon buɗe ido ne. Ziyarar da nake nufi kwana uku ce aƙalla, biyu daga ciki ranakun aiki, kuma makwancinka ya kasance cikin unguwar da kake so ko daf da ita. Otal ɗin tsakiyar gari mai janareta da tankin ruwansa ba abin da zai gaya maka game da layin da yaranka za su girma.

Kafin ka tashi, ka tsayar da unguwa uku kacal, kowacce da gida biyu ko uku. Wanda ya duba gida goma sha biyar a kwana biyu, duk sai su cakuɗe masa a ka. Ka kira makarantun ka sa lokacin ganawa tun kana gida. Ka sa tocila, tef ɗin awo, cajar waya, layin waya na kamfani biyu da ɗan littafi a jaka. Sannan abin da magidanta suka fi ƙi: ka tafi da uwar yaran, ko duk wanda zai riƙa wuni da su. Kai da safe za ka fice sai dare. Ita ce za ta lura cewa kicin ba taga, cewa wurin shanya ba ya samun rana, cewa daga ɗakin girki ba a hango inda yara za su yi wasa. Yaran kuwa, in da wanda za a bar wa, a bar su a wannan karon.

Lokacin zuwa ma zaɓarsa ake yi. Ka tambayi watan da garin ya fi muni, ka je a cikinsa. In garin ruwa ne, tsakiyar damina. In garin zafi ne, ƙarshen rani lokacin da rijiyoyi suka ja baya. Kowane gari kyakkyawa ne a watan da iska ke kaɗawa.

In kuma aiki bai ba ka damar jiran damina ba, bango ba ya ƙarya. Ka durƙusa ka duba ƙasan katanga daga waje: layi mai duhu a miƙe, fenti yana ɓarewa daga ƙasa, farin gishiri-gishiri a jikin bulo, duk shaidar inda ruwa ya taɓa tsayawa ne. Ka ga an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama kuma tsoho? Ka tambayi dalili. Ka kwatanta tsayin daɓen gidan da na titi, in titi ya fi gidan tudu, ka san inda ruwan titi zai nufa. Ka dubi dokin ƙofar maƙwabta. Idan gida biyar a jere duk sun ɗaga nasu da bulo biyu, ba ado suke yi ba. Ka bi lambatun layin da ƙafa har ka ga inda yake zubewa, ko kuma inda ya toshe. A ciki ka haska silin da tocila, ka buɗe durowar bango ka shaƙa. Warin danshi da fumfuna ba ƙaramin abu ba ne ga yaro mai asma ko yawan tari. Duk wannan aikin minti ashirin ne, kuma da mutuminmu na jiya ya yi shi da ba mu san sunansa ba.

Ruwan amfani kuwa lissafi ne, ba "ai akwai ruwa" ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta lita 50 zuwa 100 ga mutum ɗaya a rana don biyan buƙatun yau da kullum. Ku biyar ne a gida, ke nan lita 250 aƙalla kullum, kuma gidan da ke da jariri wanki ba ya ƙarewa. Tankin lita 1,000 kwana huɗu zai yi muku in an yi tattali. Ka ari jarka mai lita 20, ka tara a famfon banɗaki ka duba agogo. In ta cika a minti biyu, ƙarfin ruwan ya yi. In ta kai minti goma, ka san kullum da safe akwai rigima. Ka gwada da safe, ka sake gwadawa da yamma, domin dillali ya san sa'ar da ruwa ke zuwa kuma a ita yake kai mutane. In rijiya ce ko burtsatse, ka auna nisanta da sokawe ko masai, har da na maƙwabta. Mita 30 ake so a samu tsakani. Ka tambayi wa ke biyan gyaran injin in ya ƙone, kuma a rubuta amsar.

Wuta: ka soka caja a kowane soket, ɗaya bayan ɗaya. Ka duba mita, ka nemi shaidar cewa wanda ya tashi bai bar bashi a kai ba. In mitar haɗaka ce da wasu gidaje, ka ji yadda ake rabon kuɗin tun yanzu. Ka dawo ƙarfe takwas na dare ka ga hasken ƙwan fitila lokacin da kowa ya kunna kayansa, domin wuta maras ƙarfi ita ke cinye injin firji. Ka duba inda maƙwabci ke ajiye janaretansa. In a ƙarƙashin tagar ɗakin da yara za su kwana ne, ka fita kawai. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da launi ba ta da wari, kuma shawarar masana ita ce janareta ya yi nisan mita shida aƙalla daga taga da ƙofa.

Yanzu ka durƙusa daidai tsayin ɗan shekara biyu ka sake kallon gidan. Rijiya ba murfi, sokawen da siminti ya tsage, tankin ƙasa, kududdufi a bayan gida. Yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi kashewa a duniya, kuma ba sai ruwa mai zurfi ba. In bene ne, ka sa tef tsakanin ƙarafan baranda, in tazarar ta wuce santimita 10 yaro zai iya ratsawa. Ka ga ko ƙofar gida kai tsaye take buɗewa kan titin da motoci ke gudu.

Sai dare, wanda shi ne dalilin wannan rubutun gaba ɗaya. Ƙarfe goma ka fito ka taka layin da ƙafa. Akwai haske? Su wa ke zaune a kwanar? Gidan nan mai kyau na kusa, ashe wurin biki ne da ake kiɗa har asuba? Sauro fa? Sabis ɗin waya yana shiga cikin ɗaki ko sai an fito tsakar gida? Ana rufe ƙofar layin, kuma wa ke riƙe da makulli in an tashi fita cikin dare? Bidiyon dillali ba ya nuna ƙarfe biyun dare, Malam. Sai ka kwana.

Kuma a daren nan ka yi abin da zai sa a ɗauke ka mahaukaci: ka tafi asibiti alhali kowa lafiya. Daga ƙofar gidan da kake so, ka nemi abin hawa kamar yadda za ka nema in yaro ya fara jijjiga, ka duba minti nawa ka ɗauka. Jijjigar zazzaɓi ta fi kama yara daga wata shida zuwa shekara biyar, kuma gudawa da amai suna iya zuƙe ruwan jikin jariri cikin sa'o'i. Ka isa sashen gaggawa ka ga ko a buɗe yake da gaske, ko allo ne kawai. Ka tambayi ma'aikatan jinya ko akwai likita a ciki yanzu ko sai an kira shi daga gida, ko suna kwantar da yara, ko akwai iskar oksijin, ko sai an biya kafin a taɓa maras lafiya, kuma ina suke tura wanda ya fi ƙarfinsu. In uwargida na da juna biyu, ka ƙara da tambayar tiyatar haihuwa da ajiyar jini. Da rana kuma ka koma ka ji ranar da ake rigakafi, ka nuna musu katin yaronka su gaya maka inda zai ɗora, domin tsarin allurai yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma a hargitsin ƙaura ne allurar ƙyanda ke wucewa ba a sani ba. Wannan ba wasa nake ba. Gida mai kyau da ke nesa da asibitin da ke aiki da dare, gida ne na marasa yara.

Washegari ka tashi da wuri ka yi tafiyar da za ku riƙa yi kullum: gida zuwa makaranta, makaranta zuwa wurin aiki, a daidai sa'ar da za ku riƙa fita. Google Maps da ka duba ranar hutu ya ce minti goma sha biyar, ranar Litinin ƙarfe bakwai ka ga abin da zai zama. A makaranta kar ka tsaya a ofishin shugaba ana nuna maka kofuna. Ka nemi ganin banɗakin yara, shi ne ainihin makarantar. Ka ƙirga kawuna a ajin da ɗanka zai shiga. Ka tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi ka ga ko kowa ma zai iya ɗaukar yaro ya tafi. Ka ji ko suna karɓar ɗalibi a tsakiyar zango, da wane harshe ake koyarwa a ƙananan azuzuwa, da takardun da suke so daga tsohuwar makaranta. Ka karɓi jerin kuɗaɗen duka a rubuce, har da waɗanda ba a kira su kuɗin makaranta ba. Kasuwa da kemis kuwa leƙawa ɗaya ta isa, ka rubuta farashin abubuwa goma da kuka fi saye ka kwatanta da inda kuke.

Na san abin da za a rubuto. "Ba kowa ke da kuɗin ziyara ba." Wanda ke da hayar shekara da ladan dillali da kuɗin motar kaya, shi ne ba shi da na kwana uku? Ka lissafa da kanka. "Ai ina da ɗan'uwa a can, ya duba mini." Madalla da shi, amma ɗan'uwanka gwauro ne, ko yaransa sun girma, ko yana da mota kai ba ka da ita, kuma yana ɗokin ka dawo kusa da shi. Zuwa da kai ya fi aike. "Wurin aiki sati biyu suka ba ni." To ka tafi kai kaɗai, ka kama ɗaki na wata ɗaya, iyali su biyo baya. Wa ya ce dole rana ɗaya kowa zai tashi? Masu cewa a yi tawakkali kuwa, ku ma kun san an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

In gida ya kwanta maka, kar ka biya a ranar. Ka samu maƙwabta biyu ba tare da dillali a gefenka ba, zai fi kyau mata masu ƙananan yara, ka tambaye su me ya tayar da wanda ya bar gidan. Ka ga mai gidan ido da ido da shaidar cewa nasa ne. Duk gyaran da aka ce "za a yi kafin ku shigo" a sa shi cikin yarjejeniya da kwanan wata, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita, ka biya ta banki ka karɓi rasit. Dillalin da ya ce akwai wani na zuwa da kuɗi da yamma, ka yi wa wancan fatan alheri.

Af, tunda ma hoton jiyan ne ya jawo maganar, wa ya lura da firjin da ke kwance a bayan motar ɗaukar kaya a cikin hoton? Don Allah ku daina kwantar da firji in za a ɗauke shi. Man injinsa yana gangarawa cikin bututun sanyi, ku kuma kuna saukewa sai ku jona wuta, bayan sati ku ce masu ɗaukar kaya sun lalata muku. A tsaye ake ɗaukarsa, a ɗaure da igiya. In dole ta sa aka kwantar, ku tsayar da shi ku bar shi kwana guda kafin ku kunna. Kuma a kwashe abin da ke ciki tun daren, a bar ƙanƙarar ta narke, ba sai an iso a ga ruwa ya jiƙa kwalin takardun makarantar yara ba.