Ruwan ƙarfe 2 a Leeds da hadarin gabas a Kano

A wata Asabar ta watan Afrilu, ana saura kwanaki kaɗan ƙaramar Sallah, na fito bayan gidan da muke haya a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, na shanya kayan yara da na wanke, sannan na rataye shaddata guda biyu da aka aiko mini daga Kano don su sha iska. Sama wasai take, babu ko ɗigon gajimare, rana kuma ta fito irin wadda mutanen nan suke murna da ita kamar an yi musu albishir. Ina cikin shanyar sai maƙwabciyata, wata dattijuwa da ta haura shekara 70, ta leƙo ta kan shingen katakon da ya raba mu, ta ce in kwashe kayan kafin ƙarfe 2, domin an ce za a yi ruwa har da ƙanƙara zuwa wajen ƙarfe 3, daga nan rana ta dawo. Na yi mata godiya, amma a zuciyata dariya na yi. Ni da na tashi a Yakasai ina hawa soro tare da mahaifina muna duban gabas, yau wata za ta koya mini karatun sama daga allon waya?

Ƙarfe 2 da 'yan mintuna gari ya rufe ta arewa maso yamma, iska mai sanyi ta taso, ƙanƙara ƙanana kamar ƙwayar dawa ta shiga dukan tagogi. Kafin in saka takalmi in fita, shaddar da 'yan bugu suka sha wahala a kanta ta koma kamar tsumma. Ƙarfe 3 da kwata rana ta fito tana sheƙi a kan jiƙaƙƙen titi, kamar ba ita ce ta gudu ba. Wannan bai yi mini ciwo ba kamar abin da ya biyo baya ranar Litinin, lokacin da na ba abokan aiki labarin don a yi raha, wani daga cikinsu ya tambaye ni, ba da niyyar raini ba, ko a ƙasarmu ma ana hasashen yanayi, ko kuwa kullum rana ce kawai. Na ba shi amsa a gajarce, amma tambayar ta bi ni har gida, ita ce kuma ta sa na zauna rubuta wannan.

Dole in fara bayyana wa na gida irin yanayin da ake fama da shi a nan, domin kalmar da muke amfani da ita tana ɓatar da mutum. Lokacin da ke tsakanin Maris da Mayu, wanda kafofin labarai suke fassarawa da bazara, ba shi da wata dangantaka da bazarar Kano, wadda zafi yake haura digiri 40, randa ta yi ɗumi, mutane su kwana a tsakar gida. A nan kana iya tashi da asuba ka tarar gilashin mota ya daskare sai ka kankare shi, zuwa hantsi ka cire rigar sanyi saboda rana, da azahar ƙanƙara ta sauko, da la'asar bakan gizo ya fito, bayan magariba kuma ka kunna abin ɗumama ɗaki. Dalilin kuwa shi ne Birtaniya tsibiri ce, iska mai laima tana shigo mata daga tekun Atlantika, wata mai tsananin sanyi tana gangarowa daga arewa. A Afrilu rana ta fara ƙarfi tana ɗumama ƙasa alhali saman sararin yana nan da sanyinsa, sai iskar ƙasa ta yi sama da sauri ta haɗa ƙananan gizagizai masu zubar da ruwa na minti 20 su wuce. Unguwa ɗaya tana jiƙewa, ta kusa da ita a bushe. Akwai kuma jerin tsaunukan Pennines a yamma da mu, waɗanda suke tatse ruwan kafin ya iso, shi ya sa Manchester ta fi Leeds samun ruwa duk da cewa tafiyar kusan sa'a ɗaya ce a jirgin ƙasa.

Mutanen da suke zaune a ƙarƙashin sama marar alƙawari irin wannan dole su nemi dabara, kuma sun nema. Hukumar hasashen yanayinsu, Met Office, tun 1854 aka kafa ta a ƙarƙashin wani hafsan sojan ruwa mai suna Robert FitzRoy. Bayan guguwar watan Oktoba na 1859, wadda ta farfasa jirgin ruwan Royal Charter a gaɓar Wales mutane fiye da 400 suka halaka, sai ya fara aika gargaɗi zuwa tashoshin jiragen ruwa ta wayar tangaraho, a 1861 kuma jaridar The Times ta fara buga hasashensa don kowa ya karanta. Yau abin ya kai ga kana buɗe waya za ta nuna maka unguwarka sa'a bayan sa'a, da zafin da za a yi, da ƙarfin iska, da yiwuwar ruwa kashi nawa ne cikin 100. Akwai taswirar da na'urorin rada suke sabuntawa kowane minti 5, kana kallon hadarin yana rarrafowa kamar tabon shuni a kan farin ƙyalle. Idan abin ya yi tsanani akwai gargaɗi mai launi uku, rawaya da ruwan goro da ja. Mai fenti yana duba wannan kafin ya ɗora tsani, uwa tana dubawa kafin ta zaɓa wa yaro riga, har kwamitin masallacinmu da shi yake yanke shawarar ko a yi Idi a fili ko a raba sahu a cikin gini. Ba kullum suke dacewa ba, kuma har yau suna tsokanar junansu da guguwar Oktoban 1987 da ta zo musu da ƙarfin da ba a zata ba, amma a kan abin da zai faru cikin sa'o'i kaɗan, da wuya su kunyata.

To sai dai ina so wancan abokin aikin nawa ya sani, ko da yake ba zai karanta Hausa ba, cewa ba mu zauna haka kawai ba. Landan da ake yi wa kirari da ruwa, abin da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 600 ba, Kano kuwa tana samun fiye da haka a cikin watanni huɗu kacal. Muna da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, tana da ma'aikata a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma fitar da na kwanaki uku. Kafin ita ma muna da namu lissafin. Malaman zaure suna ƙirga taurari 28, kowacce kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, manomi kuma ya san abin da ake sa rai a Zira'a da Nasara da Ɗarfa. An san damina ta ƙarato idan shamuwa ta dawo ta fara sheƙa a kan bishiyoyin gari, idan iska ta juyo daga kudu maso yamma da ɗanshi, idan gawo ya fara zubar da ganye saboda shi ba ya shiri da ruwan sama. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana duban gabas bayan la'asar ya ce a kwashe shanya, a rufe buhunan hatsi, a duba indararo, kuma ban tuna ranar da ya sa mu wahalar banza ba. Saman Kano tana da ɗabi'a. Hadarinmu daga gabas yake haɗowa, ya yi baƙi, ya turo jar ƙura a gaba kamar ɗan aike, sannan ya sauke kayansa. Wanda yake da irin wannan sama bai buƙaci waya ta gaya masa ya shiga ɗaki ba.

Haka na riƙa faɗa wa kaina har tsawon mako guda, kuma na ji daɗin faɗarsa, amma gaskiya ɗaya ce. Alamun da mahaifina yake karantawa suna ba ka rabin sa'a, wataƙila sa'a ɗaya, kuma sun ishi mai gida ɗaya da shanya ɗaya. Ba su ishi birnin da ya cinye gonakin da ke kewaye da shi ba, wanda aka cike kududdufansa aka yi gini a kai, aka toshe magudanansa da leda. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata dilolin atamfa da shadda masu yawan gaske. Yayana yana da shago a can, kuma abin da ya faɗa mini ta waya bai fita daga raina ba. Ya ce da an ba su ko da sa'a uku, da sun ɗaga kayan ƙasa zuwa bene, domin yaran shago suna nan, 'yan dako suna nan, labari ne kawai babu. Hausawa suka ce hadarin ƙasa maganin mai kabido, kuma ruwan da ya ci Kwari ta ƙasa ya zo, ta cikin layuka, ba ta rufi ba.

Abin takaicin shi ne hadarinmu ya fi nasu sauƙin bi da ido na ɗan gajeren lokaci. Masana suna cewa faɗin ranar da zai haɗu a ƙasashe masu zafi abu ne mai wuya, na yarda, amma idan ya riga ya haɗu tafiya yake yi daga gabas zuwa yamma, tauraron ɗan'adam kuma yana ganinsa. Abin da ya daki Dutse yana kan hanyar Gaya da Wudil, daga nan kuma sai Mariri da Hotoro. Direbobin hanyar Maiduguri sun daɗe suna kawo wannan labari a baki. Me zai hana a mayar da shi tsari? Kano gari ne na rediyo, mai shayi da tela da ɗan adaidaita sahu duk kunnensu yana kanta. Jumla biyu cikin Hausa tsantsa bayan labaran rana, cewa ana sa ran hadari mai iska zai shigo birni tsakanin la'asar da magariba, mazauna bakin rafin Jakara da 'yan kasuwa su kimtsa, sun fi dogon rahoto da Turanci wanda ba ya wuce ofis. Haka ma a hunturu, lokacin da hazo yake hana jirage sauka, mai ciwon asma ya cancanci a gaya masa tun daren jiya.

Na san abin da wasu za su ce, domin mahaifiyata ta riga su faɗa. Da na ba ta labarin shaddata dariya ta yi, ta ce: "Ikon Allah! Wato su har ruwan Allah suke yanka wa lokaci? Kai dai ka riƙe addininka, ɗan nan." Na ce: "Hajiya, ai ba cewa suka yi su za su saukar ba, cewa suka yi kashi 80 cikin 100, sauran 20 ɗin kuma ai in sha Allahu ke nan." Ta ce in bar wasa da irin wannan magana. Ban yi musu da ita ba, amma ni ban ga inda duban alama ya zama da'awar sanin gaibu ba. Ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar mana cewa Allah ne yake saukar da ruwa, kuma babu na'urar da ta taɓa ƙara ɗigo ɗaya. Idan ruwa ya yi jinkiri filin Idi muke fita roƙo, ba ofishin kowa ba. Amma Hajiyar da take yi mini faɗa ita ce take cewa a kwashe garin tuwo daga tsakar gida idan ta ga kaji sun natsu iska ta ɗauke, kuma ba ta taɓa ɗaukar wannan a matsayin shiga hurumin Ubangiji ba.

Abin da ban gaya mata ba shi ne na daina duban sama. Shekara shida ke nan ina Leeds, kuma tun ranar ƙanƙarar nan hannuna yake zuwa aljihu kafin idona ya je taga. 'Yata, wadda aka haifa a nan, ba ta san kalmar hadari ba sai a ma'anar haɗarin mota, domin kunnenta bai rarrabe su ba tukuna, ruwan nan kuwa ba ya haɗowa balle a nuna mata, zuwa kawai yake yi shiru kamar baƙon da bai iya sallama ba. Ba shi da tsawar da take girgiza ƙirji, ba shi da ƙamshin ƙasar da ta yi wata bakwai tana jiran ruwa, babu yaran da za su fito layi tsirara suna tsalle a ƙarƙashin indararo. A daminar bara na roƙi ƙanwata cewa duk ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ta kira ni ko da ina wurin aiki. Ta kira wajen ƙarfe 5 na yamma, na fita baranda, ta ɗaga wayar sama a ɗakin Hajiya, na tsaya ina sauraren ruwa yana dukan kwano har katinta ya ƙare.