Wa ya sa hannu a kwalin da mai shi bai iya karantawa ba?

A shekarar 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar ɗan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. An daɗe ana musu kan korarsu, ko adalci ne ko zalunci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, dokar ƙasa ta ce sai mai NCE zuwa sama zai koyar. Ke nan da yawansu wata kwaleji ce ko jami'a ta duba su, ta buga hatimi, ta ce sun ƙware.

Matsalar ba tamu ce kaɗai ba. Gwajin da gwamnatin Amurka ta yi wa manya ya nuna cewa a 1992 kashi 40 cikin ɗari na masu digiri ne ke iya karanta dogon rubutu mai sarƙaƙiya su fahimce shi sosai, a 2003 kuwa sun koma kashi 31. Wannan fa inda ɗakunan karatu suke cike da littattafai.

A nan gida, mu bi sawun ɗalibi mu gani. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta kacokan: A, B, C ko D, ka danna ka wuce. Ya shiga jami'a, kwas ɗin Turanci na shekarar farko, wanda aka ƙirƙira don koya masa rubutu, a makarantu da dama shi ma da dannawa ake cinsa. Malami ɗaya, ɗalibai ɗaruruwa a zaure guda, yaushe zai zauna ya bi rubutun kowa da jan biro? Sai ya raba handawut, su haddace, su mayar masa da abinsa ranar jarrabawa. Ga yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022, da aka dawo aka riƙa cusa karatun zango cikin 'yan makonni. Kundin kammalawa ma, wanda shi ne dama ta ƙarshe ta yin rubutu da kansa, kowa ya san akwai shagunan da ake sayensa a bakin makaranta. Haka yaro zai shekara huɗu bai taɓa karanta littafi guda daga bango zuwa bango ba, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne, ba a taɓa tilasta masa ba.

Ni a ganina kada majalisar jami'a ta amince da sakamakon ɗalibi sai ya zauna a gaban malamai an ba shi shafi biyu ya karanta, ya taƙaita da hannunsa, ya kuma rubuta wasiƙar neman aiki. Wanda ya kasa a riƙe shi zango guda a koya masa, kyauta.

Za a ce wannan ƙuntata wa ɗan talaka ne da ya fito daga firamaren da ba ta da ko benci. Na ji wannan, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ɗan mai hali ko bai iya ba yana da wanda zai yi masa hanya. Ɗan talaka kuwa shi ake mayarwa gida daga wurin tantance ma'aikata, bayan ubansa ya sayar da gona ya biya kuɗin makaranta. Idan kuma an yi sa'a ya samu aiki, ajin 'ya'yan talakawa 'yan uwansa ake tura shi ya koyar da su karatu.