Fatawar da ta shafi aljihunmu

'Yan'uwa mazauna Makka, Madina da Jidda, har yanzu ana jin masu cewa malamai sun yi gum kan ta'addanci. Ba su yi ba. Tun 1988 Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta fitar da ƙuduri mai lamba 148, cewa duk wanda ya tarwatsa gida, masallaci, makaranta, asibiti ko gada don firgita jama'a, hukuncinsa kisa ne, bisa aya ta 33 a Suratul Ma'ida. Amma da sharaɗi: kotu ce ke tabbatar da laifin, hukuma ke zartarwa. Ko mai laifin ma ba kowa ke da ikon taɓa shi ba.

Bayan hare-haren Riyad na 2003 majalisar ta sake fayyace jinin da shari'a ta kare. Musulmi na ciki, haka zimmi, wato wanda ba musulmi ba mai zama a ƙarƙashin musulmi, da wanda ake da alkawarin zaman lafiya da ƙasarsa, da wanda aka ba amana ya shigo. Baƙon da ya zo da biza ko iƙama (takardar izinin zama), injiniya ne ko mai jinya a asibiti, amana ce ta shigo da shi, irin wadda ta shigo da mu. A Bukhari an ruwaito cewa wanda ya kashe wanda ake da alkawari da shi ba zai ji ƙamshin aljanna ba. Shi kuwa mai ɗaura bam a jikinsa, Sheikh Ibn Usaimin ya ce kansa ya kashe.

Inda ɓarnar ke farawa shi ne kafirta mutane. Kafin alƙali ya yanke wa mutum wannan hukunci sai ya duba ko jahilci ne, ko kuskure, ko tilas, ko tawili, wato fahimtar nassi ta wata fuska. Masu tsallake wannan mataki ba sa tsayawa kan baƙi. A azumin 2016, daf da buɗa baki, aka tayar da bam a wajen ajiye motoci kusa da Masallacin Annabi, jami'an tsaro huɗu suka rasu.

Wanda ya fi damuna da a sani shi ne ƙuduri na 239, na 2010. Ya ce mai ba da kuɗi ga ta'addanci abokin tarayya ne a laifin, ya kuma ware taimakon talakawa na gaskiya da cewa ba ya ciki. Mu mutane ne masu aike gida. Saƙo kan faɗo zauren WhatsApp da hoton marayu da lambar asusu, wannan ya tura riyal hamsin, wancan ɗari, ba wanda ya tambayi hannun da zai karɓa. Kuɗin ya bi ta mutum uku ko huɗu, sawunsa ya ɓace, a yankin da 'yan bindiga ke neman kuɗin fetur da abinci.

Kafin ka tura, ka san sunan ƙungiyar da rajistarta. Asusun ya kasance nata, ba na wani mutum ba. Ka sa ɗan'uwa a gida ya je ya ga marayun da idonsa, kuma ka ajiye rasit. Tara gudunmawa ba da lasisi ba laifi ne a ƙasar nan, ko da niyyar mai tarawa kyakkyawa ce. Don sadaka a cikin Saudiyya akwai manhajar Ihsan, ta ƙetare kuma akwai Cibiyar Agaji ta Sarki Salman.