Ragunan Kawu sun cinye mana giga ɗari

Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, gaisuwar safe a gidanmu ta koma "Baba, data ta ƙare." Gidanmu babban gida ne, sashena da na Kawu da na matar Yaya duk zaure ɗaya muke bi. Na gaji da tura giga ɗaya nan, giga biyu can, sai na sayo rauta ta 4G, akwatin nan mai raba intanet ta waifai, na saka mata tsarin wata-wata da kamfanin ke kira anlimited.

Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro da jan wayar intanet a ofisoshi, saboda haka ƙananan rubutun nan na ƙasan talla da kowa ke tsallakewa, ni na karanta su tas. Sharaɗin a fili yake: giga 100 na farko da cikakken gudu, daga nan a mayar da kai 512kbps har wata ya cika. Shi ne abin da suke kira FUP, wato ƙa'idar kada mutum ɗaya ya handame rabon jama'a. Data ba ta ƙarewa, gudun ne ake shaƙewa. Kamar mai shayin da ya ce ka sha iya cikinka ne, amma daga kofi na uku da cokali zai riƙa ba ka. Na ɗauki biro na lissafa abin da gidan gaba ɗaya ke ci a wata, bai kai giga 50 ba. Na ce har da rara. Na rubuta lambar sirri a takarda na manna a bayan ƙofar falo, uwargida ta ce, "Allah ya ƙara buɗi, Baban yara." A makon nan ko tuwona ya fi na kullum miya.

Ana cikin haka aka sa ranar ɗaurin auren ɗiyar Yaya. Shi Yaya yana Jidda, aiki bai bar shi ya zo ba, Kawu ne waliyyi. Na bugi ƙirji na ce masa, "Yaya, kwantar da hankalinka, za ka ga komai kai tsaye kamar kana kan tabarma." Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, na ɗora rauta a tagar zaure, na kafa waya a kan sanda, na kira shi ta bidiyo.

Hoton farko da ya isa Jidda shi ne na Kawu da baki a buɗe, ido ɗaya a rufe, kuma a haka ya tsaya. Liman ya yi huɗuba, wakilin ango ya nema, Kawu ya bayar, a can kuwa Yaya yana kallon Kawu yana shirin atishawar da ba ta zuwa. Muryarsa na zuwa mini guntu-guntu: "An… ɗau… kai… wa?" Da aka zo faɗin sadaki, maroƙi ya ɗaga murya ya ce naira dubu ɗari biyu lakadan ba ajalan ba. Kalmar "dubu" ta ɓace a hanya. Ana shafa fatiha wayata ta biyu ta yi ƙara, kiran ƙasar waje, ba ta intanet ba.

"Kai! Ɗiyar tawa kuka bayar a naira ɗari biyu? Ko kuɗin fiya wata leda ɗaya bai kai ba! Ba ni Kawu!"

Sai da na kira liman da kansa ya tabbatar masa da sauran sifili ukun.

Da jama'a suka watse na zauna binciken gawa. Abu na farko da mai fama da jinkirin intanet ya kamata ya raba shi ne: shaƙewa ce daga kamfani, ko cunkoso ne a ƙarfen sabis, ko raunin sigina? Ukun nan kamanninsu ɗaya a ido, maganinsu daban. Na shiga shafin rautar ta burauza, adireshin yana rubuce a ƙasan akwatin, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Sigina cike take, ma'aunin ƙarfinta da ake kira RSRP yana wajen -85, alhali sai ya gangara -110 ake cewa ta yi rauni. Ba a nan matsalar take ba. Na buɗe fast.com, shafin auna gudun intanet, ya ba ni 0.5Mbps, wato kusan 512kbps ɗin nan. Na sake da magariba, 0.5. Na tashi ƙarfe uku na dare, lokacin da ko karnukan unguwa sun yi barci, 0.5 ɗin nan dai, ko gezau. Cunkoso ba ya haka. Cunkoso hawa da sauka yake yi, da daddare bayan isha'i ya matse, da asuba ya sake. Lambar da ta tsaya cak a wuri ɗaya safe da dare, hannun mutum ne ya ajiye ta. Gwaji na ƙarshe, na kashe waifai a wayata, na gwada layin kamfanin nan dai da ƙaramar data ta yau da kullum, ina tsaye a tagar nan: sama da 15Mbps. Ƙarfe ɗaya, wuri ɗaya, layi biyu, ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe.

A shafin rautar na ga akwatin saƙonni. Ashe kamfanin ya turo gargaɗi tun ana saura kaɗan, ya sake turowa da giga ɗarin ta cika. Sun turo shi ga layin da ke cikin rauta, wadda ba ta da allo, ba ta da ƙararrawa, ba wanda ya taɓa buɗe ta. Sun dai sauke nauyi.

Mutane da yawa ba su san ƙanƙantar 512kbps ba, saboda kamfani da bit yake magana, wayarka kuma da bait take ƙirga, kuma bit takwas ne bait ɗaya. Raba 512 gida takwas, ka samu kilobait 64 a daƙiƙa. A awa ɗaya megabait 230 ke nan. Fayil mai giga ɗaya zai ci awa huɗu da minti ashirin, in ba kowa a layin sai kai. YouTube na neman wajen 0.7Mbps kafin ya nuna bidiyo mai ƙarancin tsabta na 360p lafiya, 2.5 don 720p, 5 don 1080p. Zoom na neman 600kbps don kiran bidiyo na mutum biyu kawai. Mu kuwa ranar ɗaurin aure na'ura 25 na tarar a jerin waɗanda suka hau, domin auta ya gano yadda ake raba waifai da lambar QR, ya riƙa bai wa abokan ango sadaka. Kowa ya tashi da kusan 20kbps. Tsohon modem na wayar tarho da muka yi amfani da shi a kafe shekarun baya yana ba da 56. Abin mamakin ma shi ne "ɗari biyu" ɗin ta isa.

Na kira 300, lambar kula da abokan hulɗa da yanzu duk layukan Najeriya ke amfani da ita. Wata baiwar Allah mai sanyin murya ta ce, "Yallaɓai, ka gwada kashewa ka kunna?" Na ce na gwada. Ta ce in fita da rautar waje. Na ce mata, "Hajiya, rautar nan har ɗaurin aure ta halarta a waje." Ta duba ta ce tsarina yana aiki daidai, in ina son gudu ya dawo sai in sabunta kafin wata ya cika. Gaskiya ta faɗa. NCC na da layin ƙorafi na kyauta, 622, amma sai ka fara kai kuka wurin kamfaninka ka karɓi lambar ƙorafi, kuma ƙararka tana da ƙarfi ne idan an shaƙe ka kafin ka kai adadin, ko ba a bayyana maka sharaɗin ba. A Amurka irin wannan ɓoyewar ce ta sa hukumar kula da ciniki ta FTC ta maka kamfanin waya na AT&T a kotu a 2014, suka ƙare da biyan dala miliyan 60 a 2019. A 2018 ma kamfanin waya na Verizon ya shaƙe layin ƴan kwana-kwana na gundumar Santa Clara suna tsakiyar kashe gobarar daji a Kalifoniya. Ni da na karanta sharaɗi na sa hannu, ba ni da bakin magana. Tambayata ɗaya ce: wata ko rabi bai yi ba, wa ya ci giga ɗari?

Na fara da waɗanda ake zargi. Waya in ta ga waifai, ɗauka take ta shiga gidan biki. Duk abin da aka saita "sai a waifai" yana farkawa lokaci guda: Play Store ya sabunta manhajoji, Google Photos ya kwashe hotuna da bidiyon shekara da shekaru ya ɗora, WhatsApp ya yi ajiyarsa ta dare har da bidiyo. Kuma ɗorawa da saukewa duk a kwano ɗaya ake auna su. Kwamfutar ɗalibinmu ta jawo sabuntawar Windows. Talabijin ɗin falo da kanta take zaɓar 1080p, wajen giga biyu da kwata a awa, alhali 480p rabin giga take ci. Na haɗa duka, na ba kowa laifinsa, amma lissafi bai cika ba. Fiye da rabi ya ɓata.

Sai idona ya faɗa kan wata na'ura a jerin mai suna IPC. Kyamara ce. Kawu yana kiwon ragunan layya a bayan gida, kuma bara da aka yi sata a unguwa ya sa na kafa masa kyamara a garke, tana ajiye hotonta a ƙaramin kati, ba ruwanta da intanet. Da rauta ta zo, auta ya haɗa ta da waifai, ya saka wa Kawu manhajar a waya. Kyamara irin wannan tana da zubi biyu: babba mai tsabta, wajen 4Mbps, da ƙarami na leƙe. Auta ya danna masa HD. 4Mbps giga 1.8 ne a awa. Kawu yana isa shagonsa a Kantin Kwari sai ya jingine waya a jikin bandir ɗin shadda, ya buɗe raguna, ba ya rufewa sai la'asar sakaliya. Awa takwas, sama da giga 14 a yini. Kwana shida na kasuwa, giga 86. Duk wanda ya zo sayen yadi sai an nuna masa babban farin nan mai ƙaho yana tuƙa. A can ɓangaren kuma waifai ɗin maƙwabcin shagonsa yake hawa, wanda na ji labarin shi ma yana ta zagin kamfaninsa.

Yanzu wa zai je ya ce wa ƙanin mahaifinsa ya daina kallon dukiyarsa? Na same shi bayan isha'i, na durƙusa na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, ashe ragunan nan ne suka shanye mana intanet."

Ya dube ni ya ce, "Injiniya, dusa suke ci da harawa. In wani abu ya ɓata a gidan nan, ka tambayi yaranka."

Na biya kuɗin sabuntawa, na bi gida ɗaki-ɗaki. Na canza lambar sirri, na cire takardar bayan ƙofa, na taƙaita na'urorin da rauta za ta karɓa zuwa goma. A kowace Android na shiga saitin waifai ɗin na mayar da shi mai awo, a iPhone ɗin matar Yaya na kunna Low Data Mode, a Windows na kunna metered connection, don su daina ɗaukar gidan a matsayin na banza. Talabijin na ɗaure ta a 480p. A rauta na saka ma'aunin wata da zai yi gargaɗi a giga 80. Kyamara kuwa na mayar da ita ƙaramin zubi, 256kbps, wajen megabait 115 a awa, na ɓoye maɓallin HD ban gaya wa kowa ba.

Washegari da azahar Kawu ya kira ni daga kasuwa, murya a sama. "Injiniya, maza ka leƙa garke! Ragunan nan sun rame, har fuskarsu ta dushe. Babban ma ban gane shi ba." Na ce masa lafiyarsu ƙalau, yanzu na ba su ruwa. Bai yarda ba. Kafin magariba sai ga shi da likitan dabbobi a bayan babur da buhun dusa biyu, kuma kuɗin allurar ni aka ce in biya, tunda ni ne na ƙarshe da ya shiga garken.