Babban wa ba ya yanke wa ƙaninsa wuta

Jiya da daddare na ji wani mai sharhi a rediyo yana cewa wai Najeriya ta nuna shugabanci a rikicin Nijar. Tun lokacin raina bai kwanta ba. Wane shugabanci? Wanda ya yanke wa maƙwabcinsa wuta shi ake kira shugaba?

Ranar 26 ga Yulin 2023 Janar Tiani ya tsare shugaban Nijar, Bazoum, a juyin mulki. Kwana huɗu kacal aka taru a Abuja, Tinubu ko wata ɗaya bai yi a kujerar ECOWAS ba, aka ba sojoji wa'adin kwana bakwai, ko su mayar da Bazoum ko a shiga da ƙarfin soja. Aka rufe boda. Sai aka yanke wutar da yawancin Nijar ta dogara da ita. Janar bai kwana a duhu ba, yana da janareta. Talaka ne ya kwana a duhu, shi da mara lafiya a asibiti, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara. Wallahi wannan abin har gobe yana ci mini rai.

Kar wani ya zo mini da zancen dimokuraɗiyya a nan. Ba na goyon bayan juyin mulki, ban taɓa yi ba. Amma lokacin da Alfa Konde na Gini da Watara na Kwaddibuwa suka yi tazarce karo na uku a 2020, wa ya ba su wa'adi? Wa ya yanke musu wuta? Masu cewa dole a tsorata sojoji kuma, to sun tsorata? Bazoum ya koma mulki? A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin ba tare da an samu ko ɗaya daga abin da aka nema ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, suka fice daga ECOWAS. A Maris ɗin 2025 Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi, alhali Boko Haram na nan, ga 'yan bindigar Lakurawa suna kai da komo a iyakar Sakkwato da Kebbi. Ribar yanke wuta ke nan.

Abin da ya fi ba ni takaici, muna da abin da ya fi bindiga, muka bar shi sai da aka gama ɓata zance. An tura Abdulsalami da Sarkin Musulmi da wa'adi rataye a wuyansu, karon farko ko Tiani ba su gani ba. Sanusi, tsohon Sarkin Kano a lokacin, ya je da ƙafarsa, aka karɓe shi. Malamai suka je ƙarƙashin Sheikh Bala Lau, aka zauna da su. Majalisar Dattawa ma ta ƙi amincewa da yaƙi. Me ya hana a fara da waɗannan tun ranar farko?

Mun san yadda Najeriya ke riƙe girma in ta so. A 1990 sojojinmu suka tafi Laberiya, a 1998 suka mayar da Shugaba Kabbah kujerarsa a Saliyo. Jininmu da kuɗinmu muka zuba. Mu muka ɗauki wahalar a lokacin, a Nijar kuwa talakansu muka ɗora wa, da namu na jihohi bakwai da ke bakin iyaka.

Ni mamakina ma, waɗanda suka sa hannu a rufe boda sun taɓa zuwa Jibiya ko Illela? Sun san har yau sarkin Maraɗi, Sarkin Katsina ake ce masa? Katsinawan da suka bar gida bayan jihadi su suka kafa masarautar. Yaranmu da yawa ba su san wannan ba, don ba a koya musu a makaranta, kuma wannan ma zance ne da zan dawo kansa.