Wa zai tambayi mai gawayi takarda?

Wani marubuci ya ce takardar shaida irin ta FSC, wato tambarin da ke nuna an sari katako ba tare da ɓata daji ba, ta fi shirin gwamnati kare daji. To, a inda ake kai katako Turai, watakila. Mu a Sakkwato itacen girki da gawayi ke cinye mana itatuwa, kuma matar da za ta hura wuta ba ruwanta da tambari.

Gwamnati ma da nata. Tun 2015 aka kafa hukumar shingen itatuwan tare hamada, amma dashe ba raino ai abincin awaki ne. Dajin Gundumi na nan Sakkwato kuwa, da 'yan bindiga a ciki, wane malamin daji zai shiga yanzu?

Ku leƙa Maraɗi: manoma suka bar gawo ya tofo a gonakinsu saboda sun san nasu ne. A gwada haka a Illela da Gada.