Yadda ɗankwalin Hajiya ya dawo gida da murfi

Tunda Maman Walid ta riga ta kai labarin gidan suna, har ana cewa wai kuka na yi, gara ku ji daga bakina. Ban yi kuka ba. Ƙyalƙyali ne ya shiga min ido.

Kun dai san yadda ake yi duk Sallah a gidan Gwammaja. Bara faccalar tawa ta kai wa Hajiya leshi a jakar kanti mai igiya, ni kuma na kai cincin a bokitin roba. Bana na ce ba da ni ba. Kuɗin leshi babu, amma ai Allah bai hana ni basira ba. Na ga wata Baturiya a YouTube ta haɗa katin gaisuwa da ɗan akwatin kyauta iri ɗaya cikin minti shida, tana yi tana murmushi, ko farcenta gam bai taɓa ba. Ranar 26 ga azumi na faɗa Sabon Gari da rana tsaka, na sayo kadbod biyu, ƙaramar robar Top Bond, jan kintinkiri yadi biyu da ƙyalƙyali ruwan gwal. Humra da turaren wuta dama na karɓa wajen maƙociyata 'yar Maiduguri. Saura ƙyallen da zan lulluɓe kati da akwati su zama anko. Sai na aiki Sadiq shagon telan nan namu, na ce ya roƙo min ragowar yanka mai ɗan kyau.

Yaro ya dawo da atamfa Holan. Koriya shar, mai zanen tsuntsaye ruwan goro, ta kusa yadi guda, ko ƙamshin sabunta bai bar ta ba. Ya ce oga ya tafi La'asar, yaron shago ne ya zaro masa daga ƙarƙashin teburi. A nan ya kamata in tsaya in tambayi kaina wace ce a garin Kano za ta bar kusan yadin Holan a shagon tela ta tafi. Ban tambaya ba. Cewa na yi rabo ne, har da alhamdulillahi.

Abin da Baturiya ta yi a minti shida ni dare uku ya ci min, daga bayan asham zuwa sahur. Katin bai ba ni wahala sosai ba. Na yanka kadbod daidai girman takardar A4, na ninka biyu. Na farko ya karye a gaɓa kamar busasshen burodi, sai daga baya na gane dole a ɗora rula a ja layi da biron da tawadarsa ta ƙare kafin a ninka. Gam kuma idan ya yi yawa ratsa atamfa yake yi ya fito ta gaba, ya bar tabo kamar an ɗiga koko, don haka sai da na koma shafawa da tsohon buroshin haƙori, siriri siriri. Da ya bushe katin ya lanƙwashe kamar kwale-kwale, na danne shi da dutsen guga da littattafan Ilham har gari ya waye.

Akwatin ne ya nuna min iyakata. Kadbod ya yi laushi, ba zai ɗauki kwalbar humra ba, sai na farke kwalin Cornflakes na juya shi. Gindi santimita 12 kowane ɓangare. Murfi ma na auna masa 12 cif, ina jin kaina kamar injiniya. Ashe murfi sai ya ɗara gindi da kamar milimita uku, in kuma za a naɗe da atamfa sai an ƙara, don ita ma tana da kaurinta. Baturiya ta faɗa, ni ce na tsallake wajen saboda data. Da na zo rufewa ya ƙi shiga, na danna da tafin hannu, na ƙara da gwiwa kaɗan, ya shige. Gam bai gama bushewa ba a lokacin. Ƙyalƙyalin da ya rage kuwa, don kada a yi asara, na juye shi duka a ciki kan auduga, wai in an buɗe a ga walwali.

Abban Ilham ya leƙo da sahur ya ce, "Maman Ilham, da kin bari na sayo mata turmi ko na bashi ne." Na ce masa kyautar da aka yi da hannu daban take. Ya ce to. Wannan "to" ɗin har yau ina jin haushinsa.

Ranar Daushe muka je. Falo cike, an shimfiɗa ledar cin abinci, ga tuwon shinkafa da miyar taushe a manyan kuloli, ga waina. Goggo tana kan kujerarta ta kullum kusa da fanka. Maman Walid na gefe da jakarta mai igiya, bana ma leshi. Na gaishe da kowa, na nemi gefen kafet na zauna, na ajiye akwatina a gabana, kati a kai, kintinkiri ya sha ɗauri. Wallahi ya yi kyau. Wannan ko maƙiyi ya shaida. Har na ga Maman Walid ta saci kallo sau biyu, raina ya yi fari ƙal.

Sai labulen ɗaki ya ɗaga.

Ƙafarta na fara gani, don kaina a sunkuye yake kamar yadda aka saba. Bakin zane kore. Na ce kore ai ba na mutum ɗaya ba ne. Na ɗan ɗago. Tsuntsu ruwan goro. Na ƙara ɗagowa. Tsuntsaye a zane, tsuntsaye a riga, tsuntsaye a hannun riga, sannan can a sama wani ɗan abu kamar hankici da aka yi dabara aka ɗaura, an rufa masa asiri da mayafi. Na dubi akwatina. Na dubi Hajiya. Na sake duban akwatina, ko Allah zai sa ya canja kala.

Kuma fa duk gidan an san maganar ɗankwalin nan, ni kaɗai ce ban taɓa ganin atamfar ba. Baban Walid ne ya sayo turmin a Kwari tun farkon azumi. Turmi yadi shida ne, Hajiya kuma ba wani jiki gare ta ba, riga da zane da ɗankwali har canji ake samu. Da ɗinki ya dawo da wannan guntun, da kanta ta sa aka kai ta shagon, tela ya rantse da azumin da ke bakinsa cewa ko faɗin tafin hannu bai rage ba.

Na fara jan akwatin a hankali da ɗan yatsa zuwa ƙarƙashin mayafina. Saura ƙiris. Da na samu daƙiƙa biyar da yanzu babu wannan labarin, da na ce na manta kyautar a gida. Sai Ilham, 'yar da na ɗauki cikinta wata tara, ta fizge shi ta ruga tana cewa, "Hajiya ga abin da Ummi ta yi miki, kwana uku ba ta yi barci ba!"

Falo ya yi tsit. Har ƙarar fanka sai da na ji tana ƙirga min zunubaina.

Hajiya ta karɓa, ta riƙe shi a kan cinyarta. To a nan ne abin ya ƙara lalacewa, don da ta ɗora shi sai ya ɓace. Wallahi ba a gane inda zane ya tsaya akwati ya fara. Jan kintinkiri kawai ake gani yana shawagi a cinyarta. Ba ta ce komai ba. Ta juya shi hagu, ta juya shi dama.

Goggo ta ce, "Miƙo nan in gani."

Ta saka tabarau. Ta zare katin, ta sunkuya da kyar, ta kara shi a bakin zanen Hajiya, tana matsar da shi sannu sannu kamar mai neman tasha a rediyo. Akwai wani tsuntsu da almakashi ya raba biyu a gefen zanen. Kan yana jikin Hajiya, jelar tana jikin katina. Goggo ta haɗa su, suka zauna daram. Ta ɗago ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ce bai gani ba, sannan ta ce:

"Ikon Allah. Hajiya, ga ɗankwalinki ya dawo. Har da murfi."

Ban san wa ya fara ba. Ina jin Nura ne, don shi ne ya ƙware da zoɓo. Daga nan falo ya ɗauka. Yara da ba su san me ake yi ba suna tsalle suna tafi. Maman Walid ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa, sannan ta ce a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ashe dai da mu aka haɗa kyautar." Abban Ilham ya duba agogo ya ce bari ya je masallaci. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na safe.

Ita Goggon nan fa ba yau ta fara ba. Shekara takwas da aurena har yanzu "amarya" take ce min, kuma ba don so ba. Ranar da aka kawo garata ita ce ta buɗe daron alkaki ta ƙirga, ta ce an yi ƙoƙari, amma dubulan ɗin ya sha iska. Da na haifi Ilham ta zo barka, ta ɗaga jaririya ta ce hancin dai na gidanmu ne, sauran kuma Allah ya shirya. Matar da kullum take kukan ido, ba ta iya zura zare a allura, sai an karanta mata lambar waya, amma ta hango jelar tsuntsu daga kujerar da ke ƙarshen falo. Kuma wai ita ce ke cewa ba ta shiga harkar mutane. Ranar sunan Walid ledar naman da ta cusa a jaka sai da zif ya ƙi rufuwa, ni na gani da idona, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

To a bar wannan. Hajiya ta buɗe kati. Rubutun ma ban auna fili ba, "Barka da Sallah Hajiyarmu" ya shiga lafiya, amma "Allah ya ƙara girma" ya ƙare a "gir", sai na saukar da "ma" ƙasa shi kaɗai. Goggo ta karanta shi yadda yake, da tsayawa a tsakiya.

Sai aka zo buɗe akwati. Hajiya ta ja, shiru. Ta miƙa wa Goggo, Goggo ta ja har da cije leɓe, shiru. Aka ba Maman Walid, ta ce ita ta yi lalle kada ya ɓaci, kamar lalle farce ne. Ni ina durƙushe ina cewa "a ɗan murɗa shi", muryata ko ni ba na ji. Nura ya ce, "Matarmu, kwaɗo kika sa masa ne?" Ya matse shi a tsakanin gwiwoyinsa, ya zura cokalin miya a gefe, ya ce bismillah, ya banƙara.

Murfi ya yi sama. Ƙyalƙyali ya biyo shi, fanka ta karɓa. Ya sauka a miyar taushe, ya sauka a waina, ya sauka a gemun Baban Walid da ya shigo gaisuwa a daidai lokacin, ya sauka a tabaran Goggo. Murfin ya faɗo a kife a tsakiyar leda, ga zakaran Cornflakes yana kallon kowa. A nan ne abin ya shiga min ido, a nan ne kuma aka samo maganar kuka.

Hajiya dai Hajiya ce. Ta kaɗe cinyarta, ta ɗauko kwalbar humra ta shinshina, ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan. An gode." Har na fara samun numfashi. Sai ta juya ta ce, "Nura, kira min telan nan. Ka sa a bayyane kowa ya ji."

Ya ɗauka da fara'arsa, yana barka da Sallah, yana an sha ruwa lafiya. Hajiya ta amsa masa duka, ba ta katse shi ba. Sannan ta ce, "Malam, tsuntsayen nan da ka rantse ba su rage ba, ga wasu sun biyo surukata gida." Aka ji shiru, aka ji kamar yana kiran sunan yaron shago da ƙarfi, sai layi ya yanke.

Miyar dai an ci a haka, an kwashe saman. Akwatin yana kan durowar Hajiya, goro take zubawa, murfin kuma an ce Goggo ta tafi da shi, ban san me za ta yi da shi ba. Guntun da ya rage a wajena, wajen kamu ɗaya, na wanke na goge na ba Abban Ilham ya kai, ya ce shi ba zai iya ba, yana nan a kan firji.

Tela kuwa ko a hanya muka haɗu sai ya kama duban waya. Kuma shaddar Abban Ilham da atamfata ta Babbar Sallah duk suna shagonsa tun kafin wannan abin. Sadiq ya je sau biyu an ce oga ba ya nan, alhali yana jin ƙarar kekensa daga ciki. In akwai wadda ta san tela mai hannu a wajen Rijiyar Zaki ta yi min magana, amma ba ta hannun Maman Walid ba.